Nutson Kazija na Ƙarshe

Duk wanda ya ce ba a kuka a ƙarƙashin teku, to bai taɓa ɗaura gilashin nutso a fuskarsa ba. Ana yi sosai. Hawayen ne dai ba su da wurin zuwa, sai su taru a gindin hanci su yi ta damun mutum.

Haka Kazija ta yi ta fama da nata a safiyar jajiberin Mwaka Kogwa, bikin sabuwar shekarar garinsu. Tana gaba, Turawa masu yawon hutu na biye da ita, kowa da tukunyar iskarsa a baya. Ta nuna musu tsohon kunkurun nan mai tsagaggen baya da ke kwanciya a gindin murjani, ta ratsa da su ta cikin garken kifi masu ruwan ɗorawa. Su suna ɗaukar hoto, ita tana yi wa wurin sallama, domin nutsonta na ƙarshe ke nan.

Daga baya ta ji an ƙwanƙwasa tukunya da ɗan ƙarfe. Ta waiwaya. Jecha ne, ya haɗa babban yatsa da manuniya yana tambayarta ko lafiya. Ta mayar masa da alamar, ta ci gaba.

Jecha shi ya koya mata wannan aiki tun ba ta iya buɗe ido a cikin ruwa ba. Shi ya riƙe hannunta ranar da ta fara sauka, kuma tun daga ranar bai sake shi ba. Duk bakin tekun Jambiani an san su tare. Mahaifiyarsa ce kaɗai, Bi Semeni, ta ce atafau ɗanta ba zai auri macen da ke matse jikinta cikin rigar roba tana shiga gidan aljanun ruwa ba. Wai irin waɗannan ba sa haihuwa, teku ta riga ta aure su.

An daɗe ana wannan ja-in-ja. Sai a watan jiya Jecha ya zo mata da albishir, bakinsa har kunne, ya ce tsohuwa ta sauko. Sharaɗi ɗaya ne: Kazija ta rantse ta bar nutso daga ranar Mwaka, shi kuma a ranar kawunnansa za su zo neman aurenta.

Ta kwana biyu ba ta iya cin abinci, sannan ta je. A tsakar gidan su Jecha, gaban mahaifiyarta da Bi Semeni, ta yi alwala ta dafa Alƙur'ani ta rantse ba za ta ƙara goya tukunya ba har abada. Jecha na tsaye a bakin ƙofa yana gyaɗa mata kai.

Da suka fito daga ruwa a safiyar nan suka hau kwale-kwale, ta cire gilashin ta juya baya tana goge fuska.

"Ruwan gishiri ne ya shiga idon malama?" in ji Jecha, yana kwance mata ɗamarar dalma.

"Ka sani sarai."

"To ki yi haƙuri mana. Teku ba gudu za ta yi ba, kya riƙa kallonta daga baki."

"Kallo? Kai in an ce ka riƙa kallona daga nesa za ka iya?"

Ya kau da kai. Ya sunkuya yana ta naɗe igiyar da ta riga ta naɗu.

"Jecha, kalle ni. Goben dai tana nan ko?"

"Tana nan. Da an ƙona bukkar biki kawunnaina za su zo neman aurenki. Sau nawa zan faɗa miki?"

"Ka ƙara sau ɗaya, daɗin ji gare ta."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Kazija ta gani, ta ce a ranta tausayinta yake ji. Mai so ba ya rasa uzurin da zai ba wanda yake so, ita kuwa a wannan fanni ta fi kowa ƙwarewa.

A shagon masu nutso inda take aiki ta wanke kayanta da ruwan daɗi, ta rataye rigar robar, ta jera takalman iyo a inda suke zama. Mai shagon ya ce ya yi baƙin cikin rasa ta, ya kuma gaya mata ya riga ya ɗauki wani a gurbinta. Ta ce ba komai, ai aure za ta yi.

Ta koma garinsu Makunduchi a motar haya ta daladala tare da ɗaya daga cikin Turawan, wata 'yar Italiya mai suna Ilaria, wadda rana ta gasa ta yi jawur. A garinmu abin kunya ne Mwaka ya same ka ba baƙo a gida, ko a hanya ka tsince shi sai ka ja shi ka ciyar. Ilaria kuwa ba ta san kalma ko ɗaya ta yarenmu ba sai "na gode", ita ma a karkace take faɗinta.

Gidan ya cika da ƙamshin shinkafar pilau da kifin da aka dafa da madarar kwakwa. Kazija ta durƙusa gaban mahaifiyarta, Bi Mwatima, ta gaishe ta.

"Shikamoo, Mama."

"Marahaba. An gama ke nan?"

"An gama, Mama. Na mayar musu da komai."

Bi Mwatima ta rufe ido ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo, leɓunanta na motsi. Tun ranar da mijinta ya fita su da asuba teku ba ta dawo da ko hularsa ba, matar nan ba ta ƙara taka bakin ruwa ba. Kullum Kazija ta fita aiki sai ta zauna a kan tabarma da carbi, ba ta tashi sai ta ji sallamarta.

A gefe ƙanwar mahaifin Kazija, wadda kowa ke kira Shangazi, tana zaune tana zana wa 'yarta Miza lalle. Miza da Kazija tare suka tashi, kwano ɗaya, tabarma ɗaya. Duk sirrin Kazija da Jecha a kunnen Miza yake sauka.

"Iye! Wannan lalle har gwiwar hannu?" Kazija ta ce tana dungure mata kai. "Ke 'yar nan, ni ce amarya ko ke? Ki rage mini wuri in yi kyau mana."

Miza ta sunkuyar da kai. Shangazi ta ce, "Ke dai kin cika surutu, je ki ba baƙuwarki ruwa."

Ba wanda ya yi dariya sai Ilaria, wadda ba ta ji abin da aka ce ba.

Washegari gari ya tashi da wankan shekara. Hantsi na ɗagawa kowa ya nufi filin Kae Kuu, tituna suka cika maƙil, babura da masu sayar da rake da gasasshen rogo, Turawa na ɗaga wayoyi sama. Mazan arewacin gari suka shigo da gudu suna waƙa, na kudu suka tare su, kowa da karan ayaba a hannu. Nan take fili ya kaure da tim! tim! ƙura ta tashi. Duk wanda ke da jiƙaƙƙa da wani a nan yake sauke ta, a daki juna har karan ya zama zare, a tashi a rungume juna. Da an cinna wa bukkar ganyen kwakwar da ke tsakiyar fili wuta, magana ta ƙare, ba a shiga sabuwar shekara da gaba.

Mata kuma suna zagaye fili ƙungiya-ƙungiya cikin sababbin zannuwa, suna waƙar habaici. A ranar ba a riƙe baki, abin da aka shekara ana raɗawa a bakin rijiya ranar ake rera shi da tafi.

Kazija na riƙe da hannun Ilaria kada ta ɓace, idonta na cikin ƙura tana neman Jecha. Ta hango shi ya ɗaure kai da jan ƙyalle yana ta zabga wa wani kara, ta yi murmushi ita kaɗai.

Sai wata ƙungiyar matan arewa ta zo wucewa. Da suka gan ta suka rage gudu, suka ƙara murya.

"Kifi ya bar ruwa don masunci,
masunci ya ci ya wanke hannu.
Jecha na Miza, Miza ta Jecha,
mai rigar roba sai haƙuri!"

Da farko ma tafi ta fara yi, don waƙar ta yi daɗi. Sai a zagaye na biyu kalmomin suka shiga kanta. Hannunta ya tsaya a sama. Wata mai wushirya a cikinsu ta kashe mata ido, suka wuce suna shewa.

Ta waiwaya. Miza na bayanta kaɗan, ta toshe baki da hannun nan mai lalle, hawaye na bin yatsunta.

Kazija ta saki Ilaria. Ta kamo Miza ta ja ta har gindin wani mangwaro a bayan masu sayar da rake. Bi Mwatima da Shangazi suka biyo su da sauri suna gyara mayafi.

"Miza, ki ce mini ƙarya suke."

Miza ta ci gaba da kuka.

"Ki ce habaicin Mwaka ne kawai, mu yi dariya mu koma. Miza! Da ke nake!"

"Ki yafe mini," Miza ta ce cikin shessheƙa. "Wallahi sau da yawa na so in gaya miki, aka hana ni."

"Wa ya hana ki?"

"Ni na hana ta," in ji Shangazi, ta gyara tsayuwa. "Ki daina jijjiga mini yarinya. An kawo gaisuwa tun kafin azumi, an karɓa, an sa rana. Bi Semeni ta ce a gidanmu take so ɗanta ya yi aure amma ba ke ba. To mu ce mata me? Mu kori alheri?"

"Tun kafin azumi," Kazija ta maimaita a hankali. Ta juya wajen mahaifiyarta. "Mama, kin ji abin da Shangazi ke faɗa? Mama, sun yaudare mu. Sun sa na dafa Alƙur'ani a gabanki alhali..."

Ta dubi fuskar mahaifiyarta. Bi Mwatima ba ta yi mamaki ba. Ko kaɗan. Ƙasa take kallo, tana murza bakin mayafinta.

"Mama?"

"Ni na roƙe shi," Bi Mwatima ta ce. "Da na ji an ba shi Miza, na san zai bar ki, na san kuma in ya bar ki tekun nan za ki koma ki ba ta sauran ranki. Na je har gidansu na durƙusa masa. Na ce, Jecha, maganarka kaɗai take ji, kafin ka tafi ka fitar mini da ita daga ruwa. Ki tsine mini in kina so, Kazija. Na ba teku ubanki, ba zan ba ta ke ba."

"Kika zauna kina kallona ina rantsuwa."

"Na zauna."

"Kika ce mini Allah ya sa albarka a auren."

"Na faɗa. Ina kwana ina kuka a kai, amma da in wanke gawarki gara ki ƙi ni kina numfashi."

Kazija ta jingina da mangwaron. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta kasa jin haushin matar nan yadda ya kamata. Ta san tabarmar, ta san carbin. Zafin duk sai ya tattara ya koma wuri ɗaya.

"Ku kira mini shi."

Ba a ma kira shi ba, ashe ya hango su. Ya iso yana haki, jikinsa duk zaren ayaba da ƙura, ya tsaya nesa kaɗan kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

"Kazija, bari in yi miki bayani."

"Jiya a kwale-kwale na ce ka ƙara faɗa mini, ka faɗa. Ka dubi idona ka faɗa."

"Ban dubi idonki ba. Na kasa."

"Au, to sannu da ƙoƙari! In gode maka ke nan?"

"Wallahi ina sonki. Har gobe ina sonki. Na yi iya yina da tsohuwa, ta ce in na aure ki ba ni ba ita duniya da lahira. Me kike so in yi? Uwa ce fa."

"Ka zo ka gaya mini! Ka ce, Kazija, an fi ƙarfina. Da na yi kukana na share, na tashi da safe na goya tukunyata na sauka inda ba mai ganina. Kai ka san abin da wurin nan yake a wurina, kai ka kai ni. Ka ɗauke kanka, ban hana ka ba, naka ne. Don me za ka haɗa da abin da ba naka ba?"

"Mamanki ta durƙusa mini, Kazija. Babbar mace, gwiwa biyu a ƙasa. Na ga kamar taimako ne."

"Taimako." Ta yi wata dariya da ta sa Miza ta ƙara fashewa da kuka. "Da yaushe kuka shirya gaya mini? Ko sai na yi kwalliya na zauna jiran kawunnanka?"

Jecha ya dubi Shangazi. Shangazi ta dubi fili, inda dattawa suka fara kewaye bukka.

"Yau ɗin dai," Shangazi ta ce. "Da ma yanzu za mu kira ki gefe, waɗancan marasa kunyar suka riga mu. Ai shi ya sa aka bari sai yau. Ki yi kukanki, ki zage mu son ranki, ranar ke nan. Kafin wuta ta ci bukka ki ce kin yafe, a shiga shekara da zuciya ɗaya. Ga baƙuwa a gida, kada ki ba mu kunya."

Nan ne Kazija ta gane iyakar abin. Har ranar da za ta ji zafi sun zaɓa mata, sun kuma auna mata tsawon lokacin da za ta yi tana jinsa. Daga hantsi zuwa tashin hayaƙi, shi ke nan rabonta.

"Ki yafe, 'yata," in ji Bi Mwatima.

"Ki yafe mini, don Allah," in ji Miza.

Jecha ya saci kallonta. Da ya ga ba ta ce komai ba, sai ya ja da baya a hankali, ya juya ya koma cikin maza. A ganinsa mai wuyar ta wuce.

Kazija ta bi bayansa da kallo har jan ƙyallen ya shige cikin ƙura. Sannan ta ɗaure mayafinta a ƙugu. A bakin fili akwai tulin karan ayaba da aka ajiye wa wanda nasa ya ƙare. Ta zaɓi mai kauri, ɗanye shar, mai nauyin ruwa.

"Ke! Kazija! Mace ba ta shiga!" Shangazi ta ƙwalla. "Ku riƙe ta!"

Wa zai riƙe ta? Macen da ta saba hawa tsanin kwale-kwale da tukunyar ƙarfe a baya ba a tare ta da hannu ɗaya. Ta ratsa maza suna darewa, wasu na dariya, wasu na salati. Waƙar mata ta yanke. Masu duka suka tsaya da karansu a sama suna kallo.

"Jecha!"

Ya juyo. Ya ga karan, ya ga fuskarta.

"Yau ranar sauke abin da ke rai ce ko? To ɗaga naka. Ka dake ni in dake ka, kamar yadda kowa ke yi. Ko guda ɗaya ne ka bar ni in sauke, wataƙila in iya faɗin abin da suke so in faɗa."

Ta ɗaga karan da hannu biyu.

Jecha ya saki nasa ya faɗi ƙasa, ya ɗaga hannayensa biyu sama.

Doka ce da ko yaron goye ya sani a filin nan: wanda ya ɗaga hannu biyu ya sallama, ba a taɓa shi. Wanda ya doke shi bayan haka ya ci mutuncin gari gaba ɗaya. Wasu dattawa har suka fara gyaɗa kai suna yaba hankalin yaron.

"Sauke hannunka," ta ce.

Bai sauke ba.

"Jecha, don girman Allah ka sauke hannunka. Ka karɓe kanka, ka karɓe mini teku, ka karɓe mini 'yar'uwa. Wannan ɗaya ma ba za ka bar mini ba?"

"Na sallama, Kazija," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kowa ya gani, na sallama."

Ruwan karan na gangarowa ta gwiwar hannunta. A bayanta aka yi wata irin sowa. An cinna wa bukka wuta, busasshen ganyen kwakwa ya kama ci bal-bal, hayaƙi ya miƙe sama. Jama'a suka fara rungumar juna, waɗanda suka fasa wa juna baki ɗazu suna dariya suna yi wa juna barka da shekara.

Bi Mwatima ta kutso har tsakiyar maza, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Ta dafa kafaɗar 'yarta.

"Ta kama, Kazija. Yi sauri ki faɗa kafin ta cinye. Kalma biyu ce, 'yata."

Kazija ta sauke karan a hankali ta ajiye shi a gaban ƙafafun Jecha. Ta dubi mahaifiyarta, ta dubi Miza da ke leƙowa daga bakin fili, ta dubi wutar. Ta tsaya tana kallonta ba ta ce uffan ba, har rufin ya rufta, har sandunan suka zube, har aka fara watsa wa tokar ƙasa.

Sai da ta tabbata ba sauran abin da zai ci, sannan ta ɗaga murya yadda na arewa da na kudu duk za su ji.

"Ban yafe ba."